Yadda Ake Auna Ƙurar da Birkin Mota Ke Fitarwa, Daga Ɗaura Faifai Zuwa Lissafin Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa wanke mota da hannunsa ya san baƙin dattin nan da ke manne wa wilin gaba. Ka goge, tsumma ya yi baƙi ƙirin, bayan kwana uku ka dawo ka tarar ya sake taruwa kamar ba a taɓa wankewa ba. Wilin baya kuwa da kyar yake yin rabin haka. Wannan datti garin faifan birki ne haɗe da garin abin da makanikai ke kira fad, wato ɓangaren da ke matse faifan duk lokacin da direba ya taka birki. Wanda ya manne a wili shi ne mai nauyin da ya kasa tashi. Sauran ya bi iska, ya shiga hancin mai talla a bakin danja, da ɗan sandan da ke ba da hannu, da yaran da ke jiran tsallaka titi.

An kwashe shekaru ana matsa wa masu ƙera motoci lamba a kan hayaƙin salansa. A ƙa'idar Turai ta Euro 6, ƙurar da salansar ƙaramar motar dizal za ta fitar ba za ta wuce miligiram 4.5 a kilomita ɗaya ba, kuma matatar da ake saka wa salansa kan sauko da ita ƙasa da haka sosai. Da hayaƙi ya ragu sai aka lura cewa a sababbin motoci da yawa birki ya fi salansa fitar da ƙura. Shi ya sa Tarayyar Turai ta saka birki cikin dokar Euro 7, wadda aka zartar a 2024: miligiram 7 na PM10, wato ƙananan ƙwayoyin ƙura, a kilomita ga ƙananan motoci masu amfani da mai da masu haɗa mai da lantarki, miligiram 3 ga masu lantarki zalla. An sa 29 ga Nuwamba, 2026 a matsayin ranar da dokar ke fara aiki a kan sababbin samfuran motoci.

Sai dai doka ba ta da amfani idan ɗakin gwaji biyu za su auna birki ɗaya kowa ya fito da lambarsa. Hanyar da aka amince da ita ita ce ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna GTR lamba 24, wadda aka amince da ita a Janiba a watan Yunin 2023. Ita zan bi a nan. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kama ƙurar ba shi ne wahalar aikin ba. Wahalar tana wajen riƙe zafi da iska a inda ake so, har tsawon kusan kwana biyu, domin ɗan abin da zai taru a ƙarshe ya zama shaidar da za a dogara da ita.

Me ake aunawa?

Abu huɗu. PM10, wato nauyin ƙwayoyin ƙurar da faɗinsu bai wuce maikuromita 10 ba. Don kwatance, silin gashin kai yakan kai kimanin maikuromita 70. Sai PM2.5, waɗanda suka fi ƙanƙanta, masu iya kutsawa can cikin huhu. Sai adadin ƙwayoyin gaba ɗaya daga nanomita 10 zuwa sama (nanomita dubu ne maikuromita ɗaya), sannan adadin daskararrun cikinsu kawai bayan an kawar da masu saurin zama tururi. Biyun farko da sikeli ake samunsu, biyun ƙarshe kuwa ƙirga su ake yi.

Ba a kan titi ake wannan awo ba, domin a can ƙurar birki na cakuɗewa da ta taya da ta kwalta da wadda iska ta kwaso, ba mai iya rarrabe su da tabbaci. Ana cire birkin ƙafa ɗaya ne a kai shi ɗakin gwaji, a ɗora shi a kan injin da ake kira dainamomita. Injin na juya faifan kamar yadda taya za ta juya shi, yana kuma kwaikwayon nauyin mota, ta yadda birkin zai sha wahalar da zai sha a kan hanya.

Mataki na farko: lissafa nauyin da birkin zai ɗauka

Kafin ka taɓa ko sifana, zauna da takarda. Birkin gaba na ƙaramar mota ba shi ke tsayar da motar shi kaɗai ba, don haka sai ka san rabonsa. Ƙa'idar ta ba ƙafafun gaba na motar fasinja kashi 77 cikin ɗari, na baya kashi 32, idan kamfanin motar bai ba da nasa alƙaluman ba. Za ka ga jimillar ta haura ɗari, da gangan aka yi haka, kada ka gyara.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. Motar da nauyin gwajinta ya kai kilo 1,500: kashi 77 nata kilo 1,155 ne, ka raba wa ƙafa biyu, kowace ta samu kilo 577.5. Daga nan sai ka rage kashi 13 cikin ɗari, domin a kan titi iska da gogar taya suna taya birki rage gudu, a ɗakin gwaji kuwa babu su. Saura kusan kilo 502. Idan daga tsakiyar taya zuwa ƙasa mita 0.31 ne, ka ninka 0.31 da kansa, ka ninka da 502, za ka samu kimanin 48. Wannan lambar ce za ka saka wa injin a matsayin nauyin juyawa. Kuskure a nan ba ya gyaruwa a gaba: idan ka ɗora wa birki nauyin da ya wuce nasa, zai yi zafi fiye da kima, ya ci fad fiye da kima, ka zargi kayan da ba su da laifi.

Sannan auna faifan da fad biyun a sikeli, kowanne daban, ka rubuta. Dole su kasance sababbi fil. Ka huda ɗan rami a faifan ka dasa wayar auna zafi, bakinta ya tsaya rabin milimita ƙasa da fuskar da fad ke gogawa. Duk maganar zafi da za ta biyo baya daga wannan 'yar wayar take fitowa, don haka ka tabbata ta zauna daram.

Mataki na biyu: akwati, bututu da iska

Birkin yana zama ne cikin rufaffen akwati na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka goge cikinsa sumul, ba lungu ba kusurwa. Iska na shigowa ta gefe ɗaya, ta ratsa birkin, ta fita ta ɗaya gefen zuwa wani dogon bututu mai faɗin milimita 175 zuwa 225. Kalifa, wato maƙallin da ke riƙe fad, ana ɗora ta can sama daidai inda ƙarfe sha biyu yake a agogo. Dalilin wannan gyare-gyare duka ɗaya ne: ƙwayar ƙura mai maikuromita takwas ko tara tana da nauyi, kuma ta birki ta fi nauyi saboda yawancinta baƙin ƙarfe ne. Da ta samu kwana ko lungu sai ta faɗi ta kwanta, ba za ta kai wurin awo ba. Duk ƙurar da ta kwanta a hanya, ragi ce a sakamakonka.

Iskar da ke shiga tana da sharuɗɗa uku. Zafinta digiri 23 a ma'aunin Salshiyos, danshinta kashi 50 cikin ɗari, sannan ta bi ta matatar HEPA, wato mai kama ƙananan ƙwayoyi sosai, mai daraja H13 ko sama. Kafin gwaji da bayansa sai ka kunna iska, birki na tsaye ba ya juyawa, ka ƙirga ƙwayoyin da ke cikin bututu. Kada su wuce 20 a kowane santimita kubik, wato ɗan wurin da bai fi kan ɗan yatsa ba. Iskar titin birni kan ɗauki dubbai a wuri kamar wannan. Idan lambarka ta haura, akwai inda iskar waje ke kutsowa, yawanci ta wajen sandar da ke juya faifai ko bakin murfin akwati. Nemo wurin ka toshe kafin ka ci gaba.

Mataki na uku: daidaita sanyaya

A nan ne mutane suka fi yin gaggawa, a nan ne kuma ya kamata a fi natsuwa. Iskar da ke ratsa akwatin aiki biyu take yi lokaci guda: tana kwashe ƙura, tana kuma sanyaya birki. Idan ta yi yawa, faifai zai yi sanyin da ba ya yi a kan titi. Idan ta yi kaɗan, zai yi zafin da ya wuce na gaskiya. Kuma zafi yana sauya halin birki ƙwarai. Muddin faifai bai yi zafi sosai ba, ƙurar da ke fita ta gogayya ce kawai, manya-manyan ƙwayoyi. Da zafi ya kai wajen digiri 170 zuwa 200, gwargwadon irin fad ɗin, sai danƙon da ya haɗa kayan fad ya fara ruɓewa, ƙananan ƙwayoyi su ɓarke, adadinsu ya ninka ninkin ba ninki cikin daƙiƙu kaɗan. Wanda bai daidaita iska ba zai iya haifar da wannan da hannunsa, ya ɗauka halin birkin ne.

Don a san zafin da ya dace, ana raba nauyin ƙafa da nauyin faifai. A misalinmu, idan faifan kilo 9 ne, 577.5 a raba da 9 ya ba da kusan 64. Ƙa'idar ta kasa birki gida huɗu bisa wannan lamba, iyakokin su ne 45 da 65 da 85, kowane gida da zafin da ake so faifansa ya kai. Hikimar a fili take: ƙaramin faifai a ƙarƙashin mota mai nauyi dole ya fi zafi. Namu ya faɗa gida na biyu.

Daga nan sai ka gudanar da tafiya ta goma ta jadawalin gwajin, wadda zan yi bayaninta yanzu, ka duba matsakaicin zafin faifai da zafinsa a farko da ƙarshen wasu zaɓaɓɓun taka birki. Idan bai faɗa inda teburin ƙa'idar ya ce ba, ka ƙara ko ka rage iska ka sake. Wani lokaci sau biyu ya isa, wani lokaci sai ka yi sau huɗu. Da ka samu adadin iskar da ta dace, ka rubuta shi, kada ka sake taɓa shi har a gama komai. Shawarata ita ce ka yi wannan daidaitawa da wasu faifai da fad irin waɗanda za ka gwada, ka ajiye na gwajin sababbi.

Mataki na huɗu: jadawalin tuƙi da zaunar da fad

Jadawalin da injin ke bi sunansa WLTP-Brake. An ciro shi daga bayanan tuƙin mutane na yau da kullum da aka tattara a ƙasashe daban-daban. Tafiye-tafiye goma ne, jimillar kilomita 192, taka birki sau 303, a cikin daƙiƙa 15,826, wato awa huɗu da kusan minti 24. Matsakaicin gudu bai kai kilomita 44 a awa ba, mafi girma ya ɗan haura 132. Tafiya ta goma ita ce mafi tsawo, ita kaɗai tana da taka birki 114. Abin da zai ba sabon shiga mamaki shi ne laushin birkin. Yawancinsa a hankali ake takawa, kamar mai tunkarar shataletale, domin haka akasarin tuƙi yake. Gwaje-gwajen da aka saba yi a da na ƙarfin birki ne, masu gasa faifai har ya yi ja, waɗannan ba su dace da auna ƙurar yau da gobe ba.

Tsakanin tafiya da tafiya ana dakatawa har faifai ya sauko digiri 40 kafin a tashi ta gaba.

Sabon fad ba ya nuna halinsa na gaskiya. Kowane makanike ya san sai fad ya zauna kafin birki ya kama yadda ya kamata. A kwanakin farko fuskar faifai na ɗauke da sawun injin da ya sassaƙa shi, wani lokaci da fenti ko maganin tsatsa, fad ɗin ma bai kwanta a kansa sosai ba. Don haka ana gudanar da jadawalin sau biyar cur ba tare da an ɗauki awon da za a kai rahoto ba. Wannan kaɗai ya kai kusan awa 22, ban da lokutan jiran sanyi. Zagaye na shida shi ne na awo. A tsakanin nan kada ka buɗe akwati ka taɓa birkin, kada ka kwance kalifa, kada ka goge faifai. Siririn shafen da ya kwanta a fuskar faifai cikin waɗannan awanni shi ne ainihin abin da ka wahala don samu.

Mataki na biyar: tsotso samfur daga bututu

Ba dukan iskar bututu ake tacewa ba, ɗan kaɗan ake tsotsa ta wasu siraran bakuna da ke fuskantar iskar. Wurin da za a kafa su ya kasance aƙalla ninki shida na faɗin bututu daga inda iskar ta daina karkacewa, domin ƙurar ta gauraya sosai, sannan a bar ninki biyu a bayansu kafin wata kwana.

Ga sharaɗin da ya fi wuyar fahimta, amma da misali zai fito. Gudun iskar da ke shiga bakin tsotso dole ya yi daidai da gudun iskar bututu. Ka ɗauka kana tsaye a bakin rafi da mazubi. Idan kana zuƙo ruwa da ƙarfin da ya fi na rafin, ruwan gefe zai karkato ya shigo, amma tsakuwar da ke tafe da nauyinta za ta wuce abinta, sai samfurinka ya yi ƙarancin tsakuwa. Idan kuma kana zuƙa a hankali, ruwa zai kauce wa bakin mazubin, tsakuwa kuwa ta faɗo ciki kai tsaye, sai ta yi yawa. Haka manyan ƙwayoyin PM10 suke yi. Ƙa'idar ta yarda gudun tsotso ya kasance tsakanin 0.90 da 1.15 na gudun bututu ga awon nauyi.

A lissafi abin ba wuya. Bututu mai faɗin milimita 200 da ke ɗauke da lita 10,000 na iska a minti, kai kuma kana tsotsar lita 40 a minti, kashi ɗaya ke nan cikin 250. Bakin da zai ba da gudu iri ɗaya faɗinsa kimanin milimita 12.6 ne. Idan mai milimita 13 kake da shi, rabon zai zama kusan 0.95, yana cikin iyaka.

Daga baki, iskar na shiga wata 'yar na'ura mai siffar mazurari da ke juya ta kamar guguwa. Manyan ƙwayoyi su bugi bango su faɗi, ƙanana su wuce. Akwai mai yanka a maikuromita 10, akwai mai yanka a 2.5, kowacce da layinta. Abin da ya wuce sai ya sauka a kan takardar tacewa mai faɗin milimita 47, wadda aka yi da Teflon, wani irin roba mai santsi, ko zaren gilashin da aka shafa wa Teflon. Layin ya zama gajere, miƙaƙƙe gwargwadon iko.

Layin ƙirga daban yake. Na'urar ƙirgar tana sa tururin wani sinadari ya taru a jikin kowace ƙwaya har ta yi girman da hasken lesa zai gan ta, sai a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ga layin daskararru, ana fara ratsa samfurin ta wani bututu mai zafin digiri 350 don kawar da masu saurin zama tururi. Idan adadin gaba ɗaya ya yi wa na daskararru fintinkau a wani wuri cikin jadawali, koma ka duba zafin faifai a daidai lokacin, galibi za ka tarar ya hau.

Mataki na shida: ɗakin sikeli

Duk injin nan da bututu da awannin jira, a kan wata 'yar takarda mai kamar murfin gwangwanin madara suke ƙarewa. Tana shiga fara fat, ta fito da zagayen tabo mai launin toka da ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa, gefenta inda zobe ya danne kuma yana nan fari. Nauyin tabon bai fi miligiram biyu ko uku ba, a birkin baya ma ƙasa da haka. Sikelin da zai auna shi sai mai gane maikurogiram ɗaya.

Ɗakin sikeli yana da nasa yanayin: digiri 22, danshi kashi 45. Takardar za ta zauna a ciki awanni kafin a auna ta da farko, ta sake zama bayan gwaji kafin awo na biyu, domin takarda da ƙura duka suna shan danshi. Da hantsaki ake ɗaukarta, ta gefe, ba a taɓa ta da hannu. Ana auna kowacce aƙalla sau biyu, idan awon biyu suka yi nisa da juna a sake. Ana kuma ajiye wasu takardun da ba a yi amfani da su ba a ɗakin, ana auna su tare da na gwaji. Idan nauyinsu ya motsa alhali ba abin da ya taɓa su, ɗakin ne ko sikelin ke da matsala. Akwai kuma ɗan gyaran lissafi saboda iskar ɗakin kanta na ɗan tallafar takardar, kamar yadda ruwa ke tallafar ƙwarya.

Abin da ya fi ɓata wa mutane aiki a nan shi ne lantarkin da ke taruwa a jikin Teflon, irin wanda ke sa riga ta yi ƙara idan an cire ta da hunturu. Na taɓa zama gaban sikeli ina kallon lambobin ƙarshe suna hawa suna sauka sun ƙi tsayawa, na duba tebur, na duba ƙofa, ashe na'urar kashe wannan lantarki ce ba a kunna ba. Da aka kunna aka ratsa takardar ta gabanta, nan take lambar ta tsaya cak. Tun daga ranar, ita nake fara dubawa kafin na buɗe murfin sikeli.

Mataki na bakwai: lissafi da tantance gwajin

Mu koma misalinmu. A ce takardar PM10 ta ƙaru da miligiram 2.4. Tunda kashi ɗaya cikin 250 ka tsotsa, abin da ya bi bututu gaba ɗaya miligiram 600 ne. Raba da kilomita 192, ka samu kusan miligiram 3.1 a kilomita daga birkin gaba guda ɗaya. Sai ka maimaita aikin tun daga mataki na farko da birkin baya. A ce shi ya ba da 1.0. Mota ƙafa huɗu gare ta: biyu sau 3.1 a haɗa da biyu sau 1.0, ya zama 8.2. Wannan mota ta haura 7, ba za ta tsallake Euro 7 ba sai an sauya mata wani abu. Abin da kamfanoni ke yi shi ne sauya haɗin fad, ko shafa wa faifai wani abu mai tauri kamar tangistin kabaid, ko kafa matatar da ke kama ƙurar a gindin kalifa. A ainihin rahoto ana mayar da adadin iska duka zuwa zafi da matsi na bai ɗaya kafin a raba, kada ka haɗa wanda aka mayar da wanda ba a mayar ba.

Motar lantarki tana rage gudu da injinta tana cajin batir, birkin gogayya ba ya aiki sai jefi-jefi. Don haka ana ninka sakamakonta da wata lamba: 0.15 a bugun farko na ƙa'idar, daga baya aka ɗaga zuwa 0.17. Da 0.17, wancan 8.2 zai koma kusan 1.4. A ganina wannan shi ne wurin da ya fi rauni a tsarin, domin lamba ɗaya ba za ta wakilci kowace motar lantarki ba, kuma faifan da ba a cika taka shi ba yakan yi tsatsa, ranar da aka taka shi ya zubar da ita. Ƙa'idar ta buɗe ƙofar kamfani ya auna lambar motarsa ta kansa, wannan ya fi kusa da gaskiya.

Kafin ka yarda da kowace lamba, koma kan bayanan injin. Shin an taka birki sau 303 cif? Ƙarfin da birkin ya sha bai kauce wa na jadawali da fiye da kashi 5 cikin ɗari ba? Zafin iska da danshinta da adadinta sun tsaya inda aka sa su? Ƙirgar iska mai tsabta ta bayan gwaji tana ƙasa da iyaka? Ɗaya ya faɗi, gwajin ya faɗi, komai kyan lambar. Daga ƙarshe ka kwance faifai da fad ka sake auna su. Nauyin da suka rasa ya kamata ya fi PM10 ɗin da ka lissafa, domin wani kaso ne kawai na abin da ya goge ke tashi a matsayin PM10, sau da yawa tsakanin sulusi da rabi. Idan PM10 ya fi abin da birkin ya rasa, akwai kuskure a wani wuri. Idan kuma ya yi ƙasa ƙwarai, leƙa cikin akwati da bututu, wataƙila ƙurarka tana kwance a can. Kada ka yar da takardun bayan awo. A rufe su, a rubuta musu lamba, domin daga jikinsu ake gano baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da bariyom da antimoni, sinadaran da ke nuna cewa ƙura ta birki ce. Jan ƙarfen nan ne ya sa jihohin Kalifoniya da Washintan na Amurka suka kafa doka a 2010 ta rage shi a fad, saboda yana bin ruwan sama ya cutar da kifi.

Ga wanda ba shi da wannan injin

Ɗalibin injiniya a Kano ko Zariya ko Damagaram zai ce duk wannan sai mai kuɗi. Gaskiya ne, amma akwai abin da zai iya yi mai ma'ana, muddin ya kira sakamakon da sunansa na gaskiya. Motocinmu yawanci na hannu ne, fad ɗin da ke kasuwa kuma iri-iri ne, wasu ko sunan kamfani babu a kwalinsu. Sanin wanne ya fi saurin gogewa ilimi ne da ake buƙata.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta sikeli da mitar kilomita. Ka wanke faifai, ka auna shi da sababbin fad a sikelin da ke gane aƙalla kashi ɗaya cikin goma na giram, ka ɗaura wa motar haya mai bin hanya ɗaya kullum, ka rubuta kilomita. Bayan tafiyar kilomita dubu biyu ko uku ka kwance, ka share, ka bar su su bushe a ɗaki ɗaya da na farko, ka sake aunawa. Abin da za ka samu shi ne yawan gogewa a kilomita. Ba PM10 ba ne, kada ka rubuta shi haka. Ka guji kwatanta awon damina da na rani, kuma ka sani da hunturu yashin da ke shiga tsakanin fad da faifai yana ƙara ci.

Wanda ke da ɗakin gwaji zai iya ƙera ƙaramin injin da ke danna guntun fad a kan faifai mai juyawa cikin rufaffen akwati, yana shigar da tatacciyar iska. Yana da kyau wajen kwatanta fad da fad, amma ba ya ba da miligiram a kilomita. Babban abokin gabarsa a wajenmu hazo ne: idan akwatin na yoyo, ƙurar sahara za ka auna. Ƙananan na'urorin auna ƙura masu arha da ake sayarwa a intanet ma ba za su fisshe ka ba, domin ba sa ganin manyan ƙwayoyi da kyau, alhali nauyin ƙurar birki a cikinsu ya fi taruwa.

A duk wanda ka zaɓa, wajen kwance birki kada ka hure ƙurar da iskar kwamfureso ko da baki, kamar yadda ake yi a gareji da yawa. Turai ta haramta asbestos, ma'adinin nan mai illa ga huhu, gaba ɗaya tun 2005, amma fad ɗin da ba a san asalinsa ba zai iya ƙunsarsa, kuma ba a gane shi da ido. Jiƙa tsumma ka goge, ka sa takunkumin da ke tace ƙura sosai, ka ƙulle tsumman a leda kafin ya bushe.